Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: A Daina Jefar da Tsohuwar Durowa

A wannan fitowa ina so in ja hankalinmu zuwa ga wani abu da muke gani kullum amma ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, wato tsohuwar durowar katako, irin mai aljihu huɗu ko biyar a jere, wadda iyayenmu da kakanninmu suke ajiye tufafi da takardu a cikinta. Da wuya ka shiga tsohon gida a Ibadan ko Legas ko Inugu ko Kano ba ka tarar da irinta ba. Sai dai a yau yawancinsu suna bayan gida ko ƙarƙashin bene, rana na dukansu, ruwa na dukansu, wasu kuma tuni an faskare su an dafa abincin biki da su.

Ra'ayina a nan shi ne, wannan hasara ce muke yi da hannunmu. Tsohuwar durowa ta cancanci a gyara ta, a sake mata fuska, a yi mata ado, domin katakon da aka yi ta da shi ya fi na yawancin kayan da ake sayarwa yanzu. Amma akwai sharaɗi. Kada a ɗauki gwangwanin fenti sai an san irin itacen da ke ƙarƙashin dattin, kuma idan za a yi ado, a fara duba adon da muke da shi a gida.

Darajar tsohon katako

Kafintocin da, musamman a kudancin ƙasar nan, suna aiki da manyan itatuwan kurmi. Akwai loko, wanda Yarabawa suke kira iroko, akwai maɗaci, akwai kawo, akwai kuma katakon da duniya ta sani da suna sapele, wanda ya samo sunansa daga garin Sapele na jihar Delta, inda aka daɗe ana lodin gumagumai zuwa Turai. Loko itace ne mai nauyi da ƙarfi, gara ba ta cika cin sa ba, shi ya sa ake yin ƙofofi da tagogi har da jiragen ruwa da shi. A wajen Yarabawa ma bishiya ce mai kwarjini, domin a al'ada ana cewa akwai iska a cikinta, ba a sare ta da wasa.

Irin waɗannan itatuwa suna ɗaukar shekaru gommai kafin su isa yanka, kuma mun sare su fiye da yadda muka dasa. Abin da ya faru da madobiya ya ishe mu misali. 'Yan kasuwa sun yi ta kwasarta daga dazuzzukan Taraba da maƙwabtanta zuwa ƙasar Sin, har aka sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES take sa wa ido daga shekarar 2017, kuma a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. A taron da aka yi a ƙasar Panama a 2022 an ƙara maɗaci da kawo na Afirka a wannan jeri. Ma'anar wannan ita ce, wanda yake da tsohuwar durowar maɗaci a ɗakinsa yana riƙe da katakon da samun irinsa yake ƙara wuya kowace shekara. Idan ya ƙona ta, babu kasuwar da zai shiga gobe ya sayo madadinta da araha.

Bugu da ƙari, tsohon katako ya riga ya bushe. Itace yana shan danshin iska ya kumbura da damina, ya saki danshin ya tsuke da hunturu. Ɗanyen katako da aka yi gaggawar aiki da shi yakan lanƙwashe ko ya tsage a hunturun farko. Wanda ya shekara arba'in a ɗaki kuwa ya gama duk wani lanƙwashewar da zai yi.

Kyan ɗan maciji

To, da me muke musanya wannan dukiya? Yawancin kayan ɗakin da ake yayi yanzu ana yin su ne da allon da ake kira MDF ko ɗan'uwansa na garin katako. Ana niƙe itace, a gauraya shi da gam, a matse shi da zafi, sannan a manna masa leda mai ƙyalli ko mai kamar zanen itace. A shago yana ɗaukar ido ƙwarai. Matsalarsa ita ce ruwa. Da zarar danshi ya shiga ta gefen da ledar ta ɓare, sai allon ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, kuma ba ya komawa yadda yake. Ga mu da muke zaune a inda ake shafe watanni bakwai ko fiye ana ruwan sama, wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Haka kuma idan aka kwance ƙusa mai zare daga jikinsa sau ɗaya ko biyu, ramin ya lalace ke nan. Duk ɗalibin da ya taɓa sauya ɗaki da irin wannan teburi ya san yadda yake isa sabon ɗaki yana rawa.

Akwai kuma batun lafiya. Gam ɗin da aka fi haɗa irin wannan allo da shi yana ɗauke da sinadarin fomaldihaid, wanda yake fita a hankali cikin iskar ɗaki, musamman idan kayan sababbi ne. A shekarar 2004 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan sinadari cikin abubuwan da suke haddasa cutar daji ga ɗan Adam. Ban ce duk mai irin wannan kabad zai kamu da cuta ba, kuma allon yana da amfaninsa a wurin da babu danshi. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya fitar da loko ya shigo da garin katako ya yi cinikin biri a sama.

A duba kafin a shafa

Wanda ya yarda zai gyara, aikinsa na farko bincike ne. Ya zaro aljihu ɗaya ya juya shi. Idan ya ga kusurwoyin an haɗa su da haƙora masu shiga cikin juna kamar yatsun hannu biyu, to aikin gwanin kafinta ne, ba na mai buga ƙusa kawai ba. Ya duba cikin aljihun, inda ba a taɓa shafa komai ba, domin a nan asalin launin itacen yake. Ja mai duhu yana iya zama maɗaci ko sapele, ruwan ƙasa mai nauyi yana iya zama loko, fari marar nauyi kuwa sau da yawa obeche ne ko malaina. Ya duba gefen saman durowar ko katako ne guda, ko kuwa siririn ɓawon itace mai kyau ne aka manna a kan wani. Wannan ɓawo bai fi kaurin kwali ba, saboda haka duk wanda ya matsa masa da samfefa zai huda shi, kuma babu gyara.

Daga nan sai ya nemi ƙwari. Ƙananan ramuka masu zubar da gari kamar na masara alama ce ta ƙwaron da yake cin itace daga ciki. Hanyar ƙasa a jikin ƙafa alamar gara ce. Ɗigon baƙi a cikin tsagogi kuwa yana iya zama kuɗin cizo, wanda kowane mazaunin ɗakin kwanan ɗalibai ya san wahalarsa. Dole a magance waɗannan a waje kafin durowa ta shiga ɗaki, ɓangaren da ya ruɓe kuma a kai wa kafinta ya sauya shi.

Sau da yawa abin da muke zato lalacewa ce datti ne kawai. Tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan yana iya fito da fuskar da aka shekara ashirin ba a gani ba. Idan ana so a san irin man ƙyallin da aka shafa tun farko, sai a ɗiga sifirit a wani lungu. Idan wurin ya yi laushi yana danƙo, to shelak ne, wato ƙaron da wani ƙwaro yake fitarwa a bishiyoyin Indiya da Tailan, wanda ake narkarwa a sifirit. Shelak yana da sauƙin gyara domin sabon shafi yana narkewa cikin tsoho. Aljihun da yake maƙalewa kuma ba ya buƙatar guduma, a goga masa kyandir ko kakin zuma a inda yake zamewa. Mariƙan tagulla da suka yi baƙi, lemun tsami da gishiri suna dawo da haskensu.

Idan sai an kankare, a fara da samfefa mai kaushi kamar lamba 80 ko 120, a ƙare da mai laushi kamar 220, kuma a riƙa bin tsawon jijiyar itacen. Wanda ya gitta jijiya zai bar ƙarce da zai fito fili da zarar an shafa mai.

Wace durowa ce ta cancanci fenti?

A nan ne nake rabuwa da wasu masu sha'awar wannan aiki. A ƙasashen Turai da Amurka an daɗe ana yayin shafe tsofaffin kayan ɗaki da fenti mai kama da alli, wanda wata Baturiyar Ingila mai suna Annie Sloan ta fito da shi a 1990. Ana shafa fari ko ruwan toka, sannan a kankare gefe da gefe domin kayan su yi kamar sun tsufa. Hotunan wannan aiki sun cika wayoyinmu, har wasu a nan sun fara kwaikwayo. Abin dariya ne a ɗauki durowar da ta tsufa da gaske, a rufe tsufanta, sannan a zauna ana ƙirƙira mata tsufan ƙarya. Abin takaici kuma shi ne a ga maɗaci mai jijiya kamar igiyar ruwa an binne shi a ƙarƙashin farin fenti. Fenti yana shiga ƙofofin itace, fitar da shi daga baya aiki ne ja.

Saboda haka ƙa'idata mai sauƙi ce. Katako mai daraja wanda fuskarsa take lafiya, a bar shi ya yi magana da kansa: a tsabtace shi, a shafa masa shelak ko banish ko mai da kakin zuma. Fenti da zane kuwa na durowar da aka yi da farin katako ne, ko filawud, ko wadda ƙuna da tabo da faci suka ɓata fuskarta. Irin wannan ba ta da abin da za ta yi hasara, kuma ita ce ta fi yawa a gidajen talakawa. Akwai ma hanya ta tsakiya, wato a bar saman durowar da asalin itacensa, a yi wa fuskokin aljihu ado.

Adon gida

Idan an zo ado, me zai sa mu tafi neman furannin Faransa alhali muna da namu? Masu yin adire a Abeokuta suna da wata dabara da ta dace da wannan aiki sarai. Sukan huda zane a jikin fallen kwano, su ɗora a kan yadi, su shafa kokon rogo ta cikin hudojin, sannan su tsoma a baba, inda kokon ya taɓa ya fito da haske. Mai gyaran durowa zai iya yanka irin wannan zane a kwali mai kauri ko tsohon hoton asibiti na ƙashi, ya ɗora a fuskar aljihun da ya riga ya shafa wa shuɗi, ya dangwala farin fenti da soso. Sirrin shi ne kada soson ya jiƙe sosai, in ba haka ba fentin zai kwarara ƙarƙashin kwalin.

A ƙasar Hausa kuma ga dagi, ga zanen da magina suke yi a fuskar soro a Zariya da Kano, ga aska takwas ta babbar riga, ga zanen ƙwarya da ake yi da ƙarfe mai zafi. A ƙasar Ibo akwai uli, siraran layukan da mata suke zanawa a jiki da bango. Kowannensu zai zauna a fuskar aljihu, domin dukkansu zane ne da aka saba shimfiɗa shi a fili mai iyaka. Ba mu ne za mu fara irin wannan tunani ba. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suna cewa a haɗa dabarun da aka koya daga Turawa da fasahar gida. Okeke ya ɗauki uli ya mai da shi harsashin aikinsa, har ya zama tambarin masu zane na Nsukka. Su ma a lokacin ɗalibai ne kamarmu.

Wanda ba shi da hannun zane kada ya karaya. Akwai dabarar manna takarda ko ƙyalle a jikin katako sannan a rufe da banish shafi bayan shafi har ya zama sumul. Masu sana'a a birnin Banis na Italiya sun yi suna da ita a ƙarni na 18, lokacin da suke kwaikwayon kayan ƙyalli na ƙasar Sin ga waɗanda ba su da kuɗin sayen na asali. Mu nan ragowar atamfa tana zube a shagon kowane tela. A manna ta a fuskar aljihu, ko a shimfiɗa ta a ciki yadda sai an buɗe za a gan ta. Sai dai a yi hattara da yawan ado. Launi biyu ko uku sun isa, kuma zane ɗaya da aka maimaita da tsari ya fi tarkacen zane goma. A kuma tambayi ma'anar alama kafin a ɗauke ta, domin wasu alamomin suna da alaƙa da sarauta ko addini ko ƙungiyar asiri, bai dace a manna su a inda ake ajiye safa ba.

Riga-kafi ya fi magani

Wajibi ne in yi gargaɗi a kan abin da ya fi komai hatsari a wannan aiki. Tsohon fentin mai, musamman ja da rawaya, yana iya ƙunsar dalma. Amurka ta hana sayar da irin wannan fenti domin gidaje tun 1978, amma a ƙasashe masu tasowa ya daɗe a kasuwa bayan haka. Idan aka kankare shi a bushe sai ya zama ƙura, yara su shaƙa ko su kai baki, kuma dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro lalatar da ba ta gyaruwa. Mu 'yan Nijeriya mun ga aikin wannan guba a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Can daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gida ƙurar ta fito, amma gubar ɗaya ce. Don haka durowar da take da tsohon fenti a yi aikinta a waje, nesa da yara da mata masu ciki, a jiƙa wurin kafin a goga, a rufe hanci da baki, kada kuma a ƙona fentin da wuta. Idan fentin bai ɓare ba, rufe shi da sabon shafi ya fi kankare shi aminci.

Wasu ruwan cire fenti ma suna da ƙarfin da zai sumar da mutum a rufaffen ɗaki, har hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana sayar wa jama'a masu sinadarin metilin kulorayid a 2019. Ƙurar loko kanta tana sa wasu ƙaiƙayi da tari. Tsumman da aka shafa man linsid da shi kuma yana iya kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi aka jefa a kwando, saboda man yana fitar da zafi yayin da yake bushewa. A shanya shi a buɗe ko a tsoma shi a ruwa.

Abin da masu suka za su ce

Na san wani zai ce, wa zai kai 'yarsa ɗakin miji da tsohuwar durowa? Wannan magana tana da nauyi. A al'adar Hausawa kayan ɗaki mutuncin amarya ne da na iyayenta, 'yan ganin ɗaki kuma ba sa rufe ido. Mu ma a kudu muna da irin wannan kunya, duk abin da aka taɓa amfani da shi mukan kira shi gwanjo. Amma mu tambayi kanmu, iyaye nawa ne suke cin bashi domin kayan da ba za su kai yayen ɗan fari ba? Durowar da uwa ta ba 'yarta bayan an gyara ta gado ce, kamar yadda ake gadon tasa da murjani, kuma ban taɓa jin an yi wa amarya gori don ta sa sarƙar kakarta ba. Ban ce a hana sayen sabo ba. A sayi gado da katifa sababbi, a bar abu ɗaya mai tarihi ya shiga ɗakin tare da su.

Wani kuma zai ce aikin yana cin lokaci, kuma kuɗin samfefa da fenti da banish ba kaɗan ba ne. Gaskiya ne, kowane shafi yana buƙatar ya bushe kafin a ƙara wani, da damina kuma bushewar tana jinkiri. Akwai ma durowar da gara ta cinye har gyaranta ya zama wahalar banza, irin wannan a cire mariƙanta da katakon da ya rage a yi wani abu da su. Amma idan jikinta lafiya yake, kayan gyara ba za su kai kuɗin sabuwar durowar katako na gaske ba, in ma an same ta. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma abin da za ka saya sau uku cikin shekara goma ba shi ne mai araha ba.

Kammalawa

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai. Kullum ana tambayarmu me za mu yi da digirin Hausa. Ga sana'a da jarinta bai wuce buroshi da samfefa da haƙuri ba, kuma wanda ya karanci al'ada yana da abin da mai fenti na bakin titi ba shi da shi, wato sanin sunan zane da asalinsa da inda ya dace a sa shi. Akwai aikin harshe ma a ciki. Tsofaffin kafintocin Sabo a Ibadan da na Agege a Legas suna da kalmomin sana'arsu, na Hausa da na aro, waɗanda suka cancanci a tattara su kafin masu su su ƙare. Wannan kaɗai ya isa kundin kammala digiri.

Idan muka je hutu, kowa ya leƙa bayan gidansu. Wanda ya tarar da tsohuwar durowa ya nemi izinin masu ita, ya shigar da ita inuwa, ya ɗora ƙafafunta a kan bulo domin danshi, ya zaro aljihu ɗaya ya duba irin itacen. Sauran aikin zai biyo baya a hankali. Allah ya ba mu ikon riƙe abin da muka gada, ya kuma sa albarka a karatunmu, amin.